Me za mu kira sa hannun da aka ɗauka da sikana?

Malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara, idan mutum ya rattaba hannu a farar takarda, aka kifa ta a kan gilashin na'ura, haske ya bi ta ƙarƙashinta ya mayar da zanen biron fayil a kwamfuta, muna buƙatar suna biyu: na na'urar, da na abin da ya fito daga cikinta.

Game da na'urar, bakin jama'a ya riga mu yanke hukunci, domin masu shagunan buga takardu sikana suke cewa, kuma kalmar ta zauna kamar yadda kwamfuta da firinta suka zauna. An kawo shawarar "na'urar kwafe takarda", sai dai za ta rikice da injin fotokwafi, wanda takarda yake fitarwa, alhali sikana hoto kawai take bayarwa. Tun asali ma hoto ne aikinta, domin abin da injiniyan kwamfuta Russell Kirsch ya fara ɗauka da irin wannan na'ura a Amurka a 1957 hoton jaririn ɗansa ne. Aikin kansa gara a kira shi ɗaukar hoto da sikana, saboda "sikanin" ya riga ya koma asibiti, wurin masu juna biyu.

Suna na biyu ne ke buƙatar taka tsantsan. Wasu na rubuta "sa hannun dijital", kuma ban goyi bayan haka ba, domin wannan sunan wani abu ne dabam: lissafi ne da ake ɗaure shi da takarda ta hanyar mabuɗin sirri, ta yadda ko harafi ɗaya aka sauya bayan an sa hannu, binciken kwamfuta zai tona. Wanda aka ɗauka da sikana ba shi da wannan kariya ko kaɗan, musamman idan an goge farin bayansa aka adana shi a tsarin fayil ɗin hoto da ake kira PNG, domin duk wanda fayil ɗin ya shiga hannunsa zai iya manna shi a ƙasan takardar da mai shi bai taɓa gani ba. Mai fassarar da ya haɗa su a suna ɗaya ya ba mai karatu amincin da babu shi.

"Sa hannun lantarki" kuwa a bar shi ya zama babbar inuwa da ta rufe duka biyun, tunda shi ne ya dace da abin da sashe na 93 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya amince da shi.

Shawarata ita ce a ce hoton sa hannu. A shafin neman aiki ko na makaranta, umarnin sai ya zama: "Ka sa hannu da baƙin biro a farar takarda, ka ɗauka da sikana, sannan ka ɗora hoton sa hannunka a nan."