In babu hoto a zuci, da me mutum yake tunani?

Yayar Gida:
Assalamu alaikum. Muna hira da ƙanwata sai ta ce in ta rufe ido tana ganin fuskar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, har da ɗan tabon da ke haɓarta. Ni na rufe nawa idon, duhu kawai. Na san tabon yana gefen hagu, amma ban gan shi ba. Ashe duk lokacin da ake cewa "hango abu a ranka" da gaske mutane suke? Na taɓa jin masanin falsafar Girka Aristotle ya ce rai ba ya tunani sai da sura. To ni da me nake yin nawa?

Malamin Lissafi:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama. Hajiya, kwantar da hankalinki. A 1641 masanin falsafar Faransa Descartes ya kawo misalin siffa mai gefe 1,000. Alwatika kowa na iya hango ta, amma mai gefe dubu ba wanda zai hango ta har ya bambanta ta da mai gefe 999. Duk da haka muna lissafa kusurwoyinta daidai, ba kuskure. Ganewa daban, hasashe daban. A nan ina ganin Aristotle ya wuce gona da iri.

Ɗalibi:
Malam, a yi masa adalci dai. Surar da yake nufi ba lallai ta ido ba ce, sauran gaɓoɓin ji ma suna barin nasu gurbin. Yaya, muryar Mama fa, kina jin ta? Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rarraba ƙarfin da ke cikin rai. Akwai mai ajiye surori, akwai mai haɗa su ya raba, akwai kuma wanda ya kira wahamu, mai kama ma'anar da ido ba ya gani. Tunkiya in ta ga kyarkeci, launi da girma kawai idonta ya ɗauka, amma ta gudu, domin ta kama ƙiyayya, ita kuwa ƙiyayya ba ta da launi. Wannan ɓangaren na Ibnu Sina ya fi burge ni, ko da yake wuraren da ya ware wa kowane ƙarfi a ƙwaƙwalwa likitocin yau ba su tafi a kai ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa. Tun 1880 masanin kimiyya Francis Galton ya tambayi mutane su hango teburin karin kumallonsu, wasu suka ce ba sa ganin komai. A 2015 likita Adam Zeman na Ingila da abokan aikinsa suka sa wa abin suna afantasiya. Da yawa daga masu afantasiyar suna ganin hoto a mafarki.

Yayar Gida:
Na gode ƙwarai. Muryarta kam ina ji, musamman yadda take jan sunana in na yi laifi. Mafarki ma ina gani sarai. Ɗalibi, ke nan ma'ajiyar tana nan, a farke ne ba ta buɗuwa? Me Ibnu Sina ya ce game da barci?