Tsohuwar kwalba daga kogin Isa: ta yaya ake gane shekarunta?

Ɗan Gamkalle:
Assalamu alaikum. A watan Mayu, lokacin da ruwan kogi ya janye sosai, wani mai haƙar yashi ya ba ni wata kwalba da ya tono kusa da gadar Kennedy a Yamai. Mai kusurwa huɗu ce, launinta tsanwa mai duhu, kafaɗarta ta fi gindinta faɗi, kuma idan aka ɗaga ta a rana ana ganin ƙananan kumfar iska a cikin gilashin. Babu rubutu ko ɗaya a jikinta. Ina roƙon masana su taimaka mini da hanyar gane zamaninta.

Tsohon malamin tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Siffar da ka bayyana ta kwalaben barasar jin ce, irin waɗanda ake cikawa a Holan, musamman a garin Schiedam, ana kawo su gaɓar tekun Afirka ta Yamma da yawa a ƙarni na 19. An yi su da kusurwa ne domin su zauna daram a cikin akwatin katako. Sai dai siffa kaɗai ba ta isa hujja ba, domin an ci gaba da yin irinsu har cikin ƙarni na 20. Ka bi layin da mazubi, wato abin da aka ƙera kwalbar a cikinsa, ya bari a jikinta da ɗan yatsa. Idan ya haura har saman baki, aikin inji ne, kuma injin Owens mai yin kwalba da kansa bai fito ba sai a 1903 a Amurka. Idan kuwa layin ya ɓace a wuya, da hannu aka gama bakin. Ka kuma tuna cewa Yamai ba ta zama babban birnin Nijar na dindindin ba sai a 1926, saboda haka yawancin abin da ake tsinta a bakin kogin nan bai kai tsufan da masu sayarwa suke faɗa ba.

Hajiya daga Yantala:
Ƙanena, kada ka kuskura ka goge ta da toka ko yashi. Na taɓa yi wa wata ƙaramar kwalbar tawada haka, sai wannan ƙyalli mai kama da bakan gizo, wanda daɗewa cikin laka yake haifarwa, ya bi ruwa, ta koma duk ƙarzuwa. Ka jiƙa ta kwana biyu cikin ruwa da ɗan sabulu, sannan ka wanke a hankali.

Ɗan Gamkalle:
Na gode, Hajiya. Baba, na duba: layin ya tsaya a ƙasan wuya, bakin kuma ya ɗan karkace.

Tsohon malamin tarihi:
To, da hannu aka gama ta, amma kada ka yi gaggawar cewa ta girmi 1903, domin masana'antu da dama a Turai sun daɗe suna aikin hannu bayan fitowar injin. Ka rubuta wurin da aka tono ta da zurfin ramin tun mai yashin bai manta ba, sannan ka kai ta gidan tarihi na Boubou Hama su gani da idonsu.