Musayar waƙa: tashar jirgin ƙasa ta Kano

Ɗan Fagge: Jiya na bi ta tasha da jikana, na nuna masa inda mahaifina ya yi dako. Na dawo gida raina a cike. Ga abin da ya fito, mai amsa ya amsa.

Da sunan Rabbu zan ja alƙalamina,
Tashar jirgin Kano ce yau a raina,
A nan na ga zufa a goshin ubana,
Buhun gyaɗa a ka, yana ta dako.

A 1911 dogo ya iso mu,
Daga Baro ya taso, ya ratso ƙasarmu,
Abbas na kan karaga, shi ne Sarkinmu,
Bayan ganuwa aka kafa ta tun farko.

Ga rufin kwano, ga dogon dandamali,
Ga 'yar tagar tikiti tun ta asali,
Tsatsa na cin dogo, ba mai tambayar dalili,
Ginin ko yana tsaye, ya yi ƙarko.

Bazazzagiya:
Taubashi, don me ka tsallake Zariya?
Ta nan jirginku ya bi, faɗi gaskiya,
Mu ne mararraba, mu muka raba hanya,
Ku sai jiran abin da muka sako.

Kuma ka sani, daga wurinmu ƙaramin layin Jos ya fita ɗebo kuza, haka na Ƙauran Namoda da ya isa a 1929.

Ɗan Fagge:
Mararraba ba ta riƙe baƙo, 'yar'uwata,
Kano aka nufa, nan ciniki ke da gata,
Wa ya tara dalar gyaɗa in ba su Ɗantata?
Ku dai taragonta kuka yi ta leƙo.

Uwar Biyu: Allah ya ƙara basira, Baba Ɗan Fagge! Yau Zazzagawa sai barci da wuri.

Na-Tudun Wada: Barcin me, Hajiya? Baiti ɗaya ta yi, ya tada ukunsa. Gyaɗar ma da kuke taƙama ta layinmu ta bi zuwa Ikko.

Malam Mai Arulli: Ku dakata da kirari. Alhaji, "leƙo" da ƙa take, "dako" da ka, amsa-amonka ya karye. Sannan 1911 in za a rera, "alif ɗari tara da sha ɗaya" gaɓa goma ce cif. Ina ɗango zai ɗauke ta?

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, rerawa nake, ba awo da igiya ba. Ka ji ta a bakina tukuna.

Malam Mai Arulli: Waƙar da sai mai ita ya tallafe ta da murya gurguwa ce.

Bazazzagiya: Malam, rigimata da taubashina tamu ce, amma nan ina bayansa. Shekarar ita ce ƙashin baitin, cire ta ka ga abin da ya saura.

Uwar Biyu: To shi Malam ina nasa baitin?

Malam Mai Arulli: Yana tafe. Kuma ɗangon tsatsa ma ya yi tsawo.

Ɗan Nguru: Na makara kwana uku, ku gafarce ni.
Kuna ta ja-in-ja, kun manta da mu,
A 1930 dogo ya taka garinmu,
Ƙafa uku da rabi faɗinsa, ya ishe mu,
Nan ne ƙarshen layi, nan jirgi ke juyo.

Ɗan Fagge: Barka da zuwa, na Nguru. Malam, na karɓi gyaran ƙa da ka, ga madadinsa, amma shekarar ba zan taɓa ba:

Na sa jikana ya dafa bangon da hannu,
Na ce nan ubana ya yi wa baya rauni, sannu,
Ya ce Kaka, yaushe jirgin zai zo mu ganu?
Na ce zauna a bencin nan, mu yi dako.