Kawuna yana hira da matarsa da ta rasu: da wane ma'auni ake cewa mutum ya taɓu?

Ɗalibi daga Marwa a Kamaru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Matar kawuna ta rasu watanni takwas da suka wuce, kuma tun daga lokacin, kowane dare bayan sallar isha'i, yakan zuba shayi kofi biyu, ya ajiye ɗaya a gefen tabarmar da takan zauna, ya riƙa ba ta labarin kasuwa a hankali kamar tana saurare. Tela ne, kuma har yanzu yana fita shagonsa da sassafe, yana sallah cikin jam'i, shi ne ma ya biya wa yaransa kuɗin makaranta na bana. Gidanmu ya rabu: mahaifiyata ta ce ya taɓu, goggona ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiya, yayana kuma ya ce a ƙyale shi. Ni ina shekarar farko ta karatun ilimin halayyar ɗan Adam, shi ya sa kowa ya zuba mini ido, alhali ban san da wane ma'auni masana suke raba halin da ya saɓa wa al'ada da wanda ya zama cuta ba. Ina neman haske.

Malamin Ngaundare ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙanta. Masana ba su da ma'auni guda, kuma duk wanda ka ɗauka shi kaɗai zai ba ka kunya. Wanda mutane suka fi saurin kamawa shi ne baƙuntar hali, wato abin da ba kasafai ake gani ba. To amma bahago ma ba shi da yawa a cikin jama'a, haka yaron da ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara tara, kuma ba wanda ya taɓa kai su asibiti saboda haka.

Sai saɓa wa al'ada, wanda shi ne ya fi haɗari, domin al'ada ta wuri ce, ta zamani ce, wani lokaci kuma ta mai ƙarfi ce. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, mu kuma mun san kunya ce; likitan da ya zo daga Faransa bai san wannan ba yana iya rubuta cewa uwar ba ta shaƙu da ɗanta ba. A shekarar 1851 wani likita a kudancin ƙasar Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa gudun da bayi suke yi daga iyayen gijinsu ciwon ƙwaƙwalwa ne, har ya raɗa masa suna. Mutumin da ke neman 'yancinsa aka mayar majinyaci, don kawai ya ƙi tsarin da ya tarar.

Saboda haka ake ƙara tambayoyi biyu masu nauyi. Shin halin yana azabtar da mai shi? Shin ya hana shi gudanar da rayuwarsa, wato sana'a, ibada, tsafta da zama da iyali? Ko su ɗin ma ba su cika ba, domin akwai cutar da mai ita yakan ji daɗi fiye da kima, ya kwana uku bai runtsa ba, ya rabar da jarinsa a yini ɗaya yana cewa lafiyarsa ƙalau. Batun haɗari ga kai ko ga wasu shi ma ana dubawa, ko da yake mafi yawan masu lalurar ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa. A labarin da ka bayar, ma'aunin baƙunta kaɗai na ga ya shafi kawunka.

Ma'aikaciyar jinya a Garwa ta amsa:

Na yarda da Malam, sai dai zan ƙara ma'aunin lokaci a kan nasa, domin a wurin aiki shi muke fara tambaya: tun yaushe? Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, ya shigar da baƙin cikin rashi mai tsawo a matsayin lalura, amma sai ya haura watanni shida, ya zarce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba, sannan ya durƙusar da harkokinsa. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka kuwa shekara guda ya gindaya ga manya. Ka ga manyan kundaye biyu ma ba su daidaita a kan iyakar ba, kuma kawunka yana tsakaninsu.

Jin kamar mamaci yana kusa ba baƙon abu ba ne. A binciken da ya wallafa a 1971, wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya tambayi mutane kusan 300 da suka rasa abokan aurensu, kusan rabinsu suka ce sun ji kasancewar mamacin, wasu sun gan shi ko sun yi masa magana, kuma yawancinsu sun ce hakan yana sanyaya musu rai.

Abin da zan so ka lura da shi, ƙanena, ya fi kofin shayi muhimmanci. Yana cin abinci, ko wandonsa ya fara yi masa yawa? Yana barci? Ɗinkinsa yana fita daidai, ko masu kaya sun fara dawo da shi? Ya san cewa ta rasu, ko yana jiran ta dawo daga unguwa? Idan ka taɓa jin ya ce gara ya bi ta, wannan ba a jinkirta shi, a kai shi ga likita a ranar. Kada kuma a manta da jiki. An taɓa kawo mana wani saurayi ɗaure da igiyar shanya a wuyan hannu, yana zage-zage, 'yan uwansa sun tabbatar hauka ne. Da na ɗora hannu a goshinsa sai na ji zafi rau, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, bayan kwana huɗu yana gaishe mu cikin kunya. Farfaɗiya da yawan shan tiramol, wanda ya addabi samarinmu masu tuƙa babur, su ma suna canza hali.

Dattijo daga Kusiri ya amsa:

Ni ba likita ba ne, amma ina da ja kaɗan da maganar Malam. Gaskiya ne al'ada tana iya kiran mai lafiya mahaukaci, amma tana iya rufe mara lafiya ma. Macen da ta daina magana, ta daina ci, ta yini a ɗaka bayan haihuwa, sau da yawa yabonta muke yi da haƙuri da kawaici, alhali tana nutsewa ne, kuma ba ta saɓa wa kowace al'ada ba. Mun taƙaita kalmar hauka ga mai yawo tsirara a bakin kasuwa, don haka duk wanda bai kai can ba muna ganin ba ya bukatar taimako, duk wanda aka ce ya ga likitan ƙwaƙwalwa kuma sai ya ji an zage shi.

Game da goggonka, kada ka yi gardama da ita. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta a Najeriya, inda majinyata suke zama a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar maganin asibiti, har ya riƙa aiki da masu maganin gargajiya. A yi wa kawunka addu'a, ba ta hana zuwa asibiti idan bukata ta taso. Duka da ɗauri ne kawai ba za a yarda da su ba. Kafin komai, wani ya taɓa zama ya tambaye shi kuwa?

Ɗalibi daga Marwa ya sake rubutawa:

Na gode, iyayena. Baba, tambayarka ta kama ni, domin babu wanda ya tambaye shi. Jiya na je na zauna a bakin tabarmar, ya dube ni, ya tura mini kofi na biyun. Ya ce ya san tana maƙabarta, shi ya sa ta a kabari da hannunsa, amma shekara ashirin da shida ya saba ba ta labarin kasuwa, bakinsa bai iya dainawa ba tukuna. Na lura ya rame, kuma ya ce barci ba ya ɗaukarsa sai wajen ƙarfe biyu. Ya yarda ranar Litinin mu je a auna shi, da sharaɗin kada mahaifiyata ta sani.