Zan bar aikin banki in shiga binciken shugabancin kamfanoni: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen bada bashi na wani banki a nan Maradi, ina da mastar a fannin gudanar da kuɗi, ina kuma da iyali. Niyyata in yi doktora a kan yadda ake yanke shawarar kuɗi a kamfanonin alhazan garin nan, in zama malamin jami'a daga baya. Ina tsakanin Yamai, Dakar da Kano. Waɗanda suka bi hanyar, shin dole ne in ajiye aiki, kuma ina ya fi?

Ɗan Mokoyo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka nemi Faransa kawai, can ake da ɗakunan karatu na gaske.

Malamar Zariya (unguwar Zariya ta nan Maradi): Ya ce yana da iyali, kuma bai ambaci Faransa ba. Abin lura game da Kano shi ne Najeriya ba ta cikin CAMES, hukumar da ke Wagadugu wadda ke tantance ƙarin girman malaman jami'o'inmu, saboda haka sai ka nemi a daidaita takardarka bayan ka dawo. Ka kuma sani cewa a fanninmu gasar agregasiyo, wadda ake yi duk bayan shekara biyu, ita ce gajeriyar hanyar hawa matakin manyan malamai.

Tsohon ɗalibi: Ni wannan maudu'in naka ne ya cinye mini ƙuruciya. Nazariyyar da aka koya mana, ta Jensen da Meckling ta 1976, ta ginu ne a kan saɓani tsakanin mai dukiya da wanda ya ɗauka ya juya masa ita. To a Maradi mai dukiyar shi ne darakta, shi ne majalisar gudanarwa, makullin akwatin kuɗi kuma yana aljihun rigarsa. Na zauna a shagon wani babban alhaji da takardar tambayoyina, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce: "Yaro, wa ya aiko ka, mutanen haraji?" Ɗansa ya jawo wani littafin ƴan makaranta daga aljihun tebur, uban ya harare shi, ya mayar. Da na koma ga kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, sai na tarar kamfanin Nijar ɗaya tilo ne a ciki, wato bankin BOA Nijar. Malamin da ke duba aikina kuwa, babi guda yakan kwana watanni a wurinsa, in ya dawo da shi gyaran waƙafi kawai zan gani. Yau koyarwar awa-awa nake yi, kuɗin bara ma ban karɓa ba. Kada ka bar albashinka.

Malamar Zariya: Allah ya kawo mafita, amma dokar OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, ta wajabta wa kamfanonin da ke da rajista su fitar da hisabin shekara, kuma tun 2018 ana bin sabon tsarinta na rubuta hisabi mai suna SYSCOHADA. Mai tambaya yana ganin irin waɗannan takardu kullum a teburinsa.

Kwantabul na Bagalam: Malama, da girmamawa, mu ke rubuta su. Wanda ake kai wa banki daban, na haraji daban. Kuma sirrin aikin banki bai ba shi damar ɗora bincikensa a kan takardun abokan hulɗa ba.

Tsohon ɗalibi: Ga kuɗin buga maƙala, ni jaka 300 wata mujalla ta karɓa a hannuna.

Malamar Zariya: Tawa jaka 50 na biya, ta biyun kuma ban biya ko dala ba. Wadda ta karɓi 300 ban yi zaton za ta amfane ka a gaban kwamitin CAMES ba.

Tsohon ɗalibi: Malama, ke da tallafin karatu kika yi naki, ba ki san zafin wanda ya ciyar da kansa ba.

Malamar Zariya: Wanda ya kammala shi ya san inda hanyar ta ɓulle, Malam.

Ɗan Mokoyo: Ku yi haƙuri. Ni ma gidana akwai majalisar gudanarwa, uwargida ce shugaba, amarya ce mai binciken hisabi, ni kuwa ƙaramin mai hannun jari ne marar ƙuri'a.

Ɗan kasuwa: Ku masu boko kuna zargin alhazai da ɓoye littafi, amma ba ku tambayi dalili ba. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka yi wa harkar rajista, muka ɗauki kwantabul, muka kai komai a buɗe muna neman bashin sayen wake da kaka. Bankin ya ture hisabin gefe, ya ce sai takardar mallakar fili, ita kuwa tana cikin gadon da ba a raba ba. Mai tambaya, tunda a sashen bashi kake, me ya sa kuke neman hisabin da ba ku karantawa?

Kwantabul na Bagalam: Alhaji, ai ko an kai takardar filin, kuɗin ba ya fitowa sai wake ya riga ya yi tsada.