Gyaran tsohon gida a Kano: in fara da tayil ko da POP?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum jama'a. Na sayi wani tsohon gida a wajen Gwammaja, ginin bulo ne, ɗaki uku da falo da kicin, banɗaki ɗaya a tsakar gida, sai zaure. Ina so in gyara mu tare da iyali, amma idan Allah ya hore wani nan gaba zan sa haya ko in sayar, don haka ba na son zuba kuɗi a abin da ba zai ƙara wa gidan daraja ba.

Ga halin da yake ciki: gindin bango ya kumbura, fenti yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Silin ɗin ɗaki ɗaya ya yi tabon ruwa. Daɓen siminti duk ya farfashe. Uwargida silin POP da tayil take so. Wani ya ce in manna tayil a bango zuwa ƙugu, shi ke nan danshin ya rufu. Ina kuma tunanin fasa bangon zaure in haɗe shi da falo. Kuɗin hannuna ba za su ɗauki komai lokaci guda ba. Masana, daga ina zan kama?

Tsohon Birkila

Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, Malam. A ba uwargida haƙuri, POP da tayil su ne na ƙarshe. Gidanka ruwa ke cin sa ta sama da ta ƙasa, duk kwalliyar da ka yi kafin ka tare ruwan nan, damina ɗaya za ta cinye ta.

Shawarar manna tayil a bango kuwa, ka bar ta inda ka ji ta. Danshin daga ƙasa yake hawowa ta cikin bulo, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Farin garin nan gishirin ƙasa ne da ruwan ya ɗauko, in ya bushe sai ya bar shi a jikin filasta ya kumbura ta. Ka rufe fuskar bangon da tayil, ruwan bai fasa hawa ba, hanyar fita kawai ka toshe masa. Sai ya ƙara gaba ya ɓullo a saman layin tayil ɗin, bayan 'yan shekaru kuma ka ƙwanƙwasa tayil ka ji yana amsawa kamar ganga.

Abin da za ka fara yi, ka zagaya bayan gidan ka ga daga ina ruwan yake. A tsofaffin unguwanni yawanci abu uku ne: an yi ta cike lungu har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, ko indararo yana zuba a gindin bango, ko kwata ta tsage tana tsiyaya. Indararo a sa masa bututun inci 3 ko 4 ya sauko da ruwan har cikin kwata. Gindin bango ta waje a zuba masa kankare mai faɗin ƙafa 2 aƙalla, a karkata shi ruwa ya riƙa gudu daga bangon. In ƙasar waje ta fi ciki tudu, to daɓen ɗakin ma sai an ɗaga, kuma kafin a zuba sabon kankare a shimfiɗa leda mai kauri, bakinta ya hau jikin bango, inda leda biyu suka haɗu su hau juna da kamar taƙi guda.

Sannan a sassaƙe filastar da ta lalace har a ga bulo, a wuce iyakar tabon da ƙafa ɗaya. Kar a wanke gishirin da ruwa, narkewa zai yi ya koma ciki. A goge shi a bushe da burushin ƙarfe, a bar bangon tsirara ya sha iska sati uku ko huɗu. Wannan aikin rani ne. Sabuwar filasta a kwaɓa buhun siminti ɗaya da baro biyu na yashi mai laushi wanda ba ƙasa a ciki, a zuba maganin hana ruwa gwargwadon yadda aka rubuta a jikin ledarsa. A kaurin rabin inci, buhu ɗaya zai shafe maka kusan murabba'in mita 10. In birkila ya ce zai sa baro huɗu don siminti ya yi auki, ka sani yashi zai shafa maka. A yi ban-ruwa safe da yamma kwana 7, musamman lokacin hunturu da iska ke busar da filasta tun ba ta kama ba, shi ke kawo tsagewar nan mai kama da saƙar gizo.

Rufi kuma sai an hau an duba. In kwanon ɓoye yake a bayan katanga, kamar yadda ake yi saboda iskar farkon damina, yawanci ba kwanon ne ya huje ba, magudanar simintin da ke karɓar ruwansa ce ta tsage ko ganye ya toshe ta. A leƙa katakon ma, gara tana cinye shi ta ciki ta bar ɓawo. Wanda aka canja a shafe shi da maganin gara kafin a kafa. In za a sauya kwano, a nemi mai kaurin milimita 0.45 ko 0.55, kuma a auna a gabanka a Ƙofar Ruwa ko duk inda ka saya, kar ka tsaya ga abin da baki ya faɗa. Tsohon silin ɗin in na asbestos ne, a jiƙa shi a cire shi ɗungurungum, ban da fasawa ko yankawa da zarto, ƙurarsa tana illata huhu.

POP sai rufin ya ga ruwan Agusta bai ɗiga ba.

Mai Famfo da Waya

Baba Birkila ya gama magana a kan ruwa. Abin da zan ƙara, duk abin da za a binne a binne shi kafin filasta da daɓe. Babu asarar da ta kai a gama tayil sannan a dawo da guduma ana neman hanyar bututu.

A ganina abin da zai fi ɗaga darajar gidan nan shi ne banɗaki a cikin babban ɗaki. Mai neman haya yanzu tambayarsa ta farko ruwa, ta biyu banɗakin ciki. Ƙafa 5 da ƙafa 7 ya isa. A zaɓi kusurwar da ke jikin bangon waje don bututu ya fita kai tsaye. Na masai inci 4, na ruwan wanka inci 2, kuma kowanne ya gangara kamar inci ɗaya a duk mita ɗaya. In gangaren ya yi kaɗan sai toshewa, in ya yi yawa ruwa ya gudu ya bar ƙazanta a baya. A ɗora bututun shaƙar iska ya wuce saman rufi, a sa tarkon wari a magudanar ƙasa, in ba haka ba warin sokawe har gado. Ƙasan banɗakin ya yi ƙasa da na ɗaki da inci ɗaya. Kafin a rufe bututun ruwa da siminti, a cika tanki a toshe bakunan a bar su kwana ɗaya, a bi kowace mahaɗa da hannu. In akwai rijiya a gidan ko a maƙwabta, sokawe ya nisance ta da mita 15 aƙalla, in fili ya ba da dama a ƙara.

Wayarin tsohon gida kuwa a zare shi gaba ɗaya. An yi shi ne lokacin da kayan wuta ba su wuce ƙwai da fanka da rediyo ba. Fitilu waya mai kaurin lamba 1.5, soket mai 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita kowacce layinta daban da mai 4, duk a cikin bututu. A kankare bakin wayar a shago: in cikin ya fito fari, alminiyom ne aka yi wa rufin tagulla, zafi yake ɗauka. A kafa ƙarfen as, wato wanda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, a wuri mai danshi. Ko ba ka da kuɗin sola yanzu, ka ce a ware layin fitilu da fankoki da soket ɗaya a kowane ɗaki a allon rarraba wuta, a bar bututu fanko zuwa rufi. Ranar da za a kawo batir ba sai an fasa komai ba.

Baban Khalifa

Na gode ƙwarai. Na je na duba, lallai ƙasar lungun ta fi ɗakin baya tudu da kusan taƙi. To idan an kai ga tayil da fenti fa, yaya lissafin yake? Kuma ba wanda ya taɓa maganar zauren.

Anti Mai Labule

Baban Khalifa, lissafin tayil ba wuya. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kusan murabba'in mita 13 ne. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci huɗu ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44, kusan kwali 9 kenan, ka ƙara ɗaya saboda yanka da fashewa. In da shi za a yi zagayen gindin bango, ƙara wani. Ka sayi na gidan duka rana ɗaya, ka duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, don samfuri ɗaya ma launinsa yana ɗan bambanta daga gashi zuwa gashi, ba ka gani sai an shimfiɗa. Ka ajiye kwali ɗaya a sito, shekara biyu ta isa samfurin ya ɓace a kasuwa.

Tayil iri ɗaya daga falo har ɗakuna ya fi kowane ɗaki da nasa, gida yana ƙara faɗi a ido. Fari fat da baƙi wuluk duk wahala ne a garin da ƙura ke sauka tun daga Nuwamba har Fabrairu, sawun ƙafa ɗaya sai ya nuna. Ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka mai ɗan zane-zane shi ke ɓoye ƙura. Mai sheƙi kar ya shiga banɗaki ko tsakar gida inda ake alwala, santsinsa yana karya tsofaffi. Ka tsaya a kan mai aikin ya cika bayan kowane tayil da siminti, ban da ɗiga ƙwallo biyar a manna, ya kuma bar tazarar milimita 2 zuwa 3.

Fenti sai filasta ta yi sati huɗu. A fara da na share fage, sannan shafa biyu. Bokitin lita 20 na fentin ruwa mai kyau zai yi ɗaki biyu irin naka, in ba a tsinka shi da ruwa fiye da kima ba. Bangon da ya taɓa yin danshi kar a sa masa fentin mai, yana hana shi numfashi. Launi ɗaya mai haske a ko'ina, bango ɗaya tak a falo a ba shi mai duhu. Wanda zai saya gobe ba lallai yana son ɗaki ja, ɗaki kore ba.

POP ɗin uwargida a yi mata, amma a falo da babban ɗaki kawai, shimfiɗaɗɗe mai layi ɗaya a gefe. Mai hawa uku da fitilu kala-kala yana rage tsayin ɗaki, ga tara ƙura, ga shi yayinsa yana saurin wucewa. Kicin da banɗaki silin roba ya fi, tururi ba ya cin sa. Fanka kuma a rataye ta a ƙarfen da aka ɗaure a katakon rufi tun kafin a rufe, ba a jikin POP ba.

Labule: ƙarfensa ya hau sama da taga da taƙi guda, ya zarce ta kowane gefe, yadin ya ninka faɗin tagar biyu, ya sauka dab da ƙasa. Da wannan kaɗai ƙaramar taga sai ta zama babba. Sauran ado ba sai an tafi nesa ba. Tumtum na fata biyu daga Kasuwar Kurmi, faifai masu launi biyar ko bakwai a jere a bango ɗaya, ƙyallen rinin Ƙofar Mata a cikin firam, sun fi furen roba da kowa ke da shi. A dai bar wani bangon ya huta.

Mai Zanen Gida

Zaure dai kar ka fasa shi, Malam. Na farko, a ginin bulo irin wannan bangon da kansa ke ɗauke da katakon rufi, ba ginshiƙai. In bulon inci 9 ne ko ka ga katako ya hau kansa, cire shi sai an tokare rufin an zuba bim, wato gadar kankare mai rodi, kuma injiniya ne zai faɗi girman rodin bayan ya gani da idonsa, ba birkila ba. Sauya fasalin gini ko ƙara ɗaki kuma yana buƙatar izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano. Na biyu, wanda zai sayi gida a Gwammaja yana son inda zai sauke baƙi maza ba tare da sun ratsa cikin gida ba. Ka haɗe shi da falo, ka rage masu sayen gidanka da hannunka. Gara ka yi masa tayil, ka buɗe masa taga, in da wuri ka maƙala ɗan banɗaki, ya zama ɗakin baƙi.

Wuri ɗaya na saɓa da Anti: tsakar gida ba na son tayil ko da marar santsi ne. A watan Afrilu yana ɗaukar zafi, ruwan sama kuma duk sai ya kwarara gindin bango. Bulon shimfiɗa mai haɗe-haɗe a kan yashi ya fi, ruwa yana nutsewa ta tsakaninsa, in bututu ya lalace a ɗaga a mayar. In za a dasa itace, darbejiya ta yi nesa da bango da sokawe, saiwarta tana bin danshi. Lemun tsami ko gwaiba sun ishi ƙaramar tsakar gida.

Fuskar gidan ta waje ma a ba ta haƙƙinta: ƙofar ƙarfe mai kauri, fitila a samanta, in kana so a zana dagi ɗaya da siminti a goshin zauren. Ka leƙa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ka ga yadda magabata suka yi nasu kafin ka ba mai zane aiki.

Tsohon Birkila

Tunda ka ce lungun ya fi ɗakin baya tudu da taƙi, kafin a ɗaga daɓen ka auna daga ƙasa zuwa silin da kuma tsayin ƙofa. Cikon taƙi guda da kankare da tayil zai cinye maka kusan ƙafa ɗaya. In abin da zai rage bai kai ƙafa 9 ba, ɗakin zai yi zafi, fanka kuma ta sauko kusa da kai, ƙofar ma sai an ɗaga kanta. In haka ne, a bar cikon, a haƙa 'yar kwata ta waje a jikin bangon, zurfinta ya wuce daɓen ɗakin, a shafe bangon da siminti mai maganin ruwa sannan a bi da kwalta. Ka sanar da maƙwabta da mai unguwa kafin a sa diga a lungun. Turo mana awon ɗakin.