Me ya sa ake ƙarin ruwa kafin a ba da cisplatin?

Tambaya: Assalamu alaikum. An fara yi wa yayana magani da cisplatin saboda ciwon dajin mafitsara, kuma na lura ana shafe sa'o'i ana yi masa ƙarin ruwa kafin a rataya ledar maganin, sannan a ci gaba bayan ta ƙare. Mene ne dalili?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ƙodarsa ake karewa. Cisplatin haɗaɗɗen sinadari ne mai ɗauke da ƙarfen filatinam, wanda yake manne wa DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki) ya hana ƙwayoyin daji rarrabuwa, amma ta ƙoda yake fita daga jiki, kuma idan ya taru a ƙananan bututunta yakan yi musu lahani. Ƙarin ruwan yana taimakawa wajen wanke shi ya fita ta fitsari, shi ya sa ake auna yawan fitsarinsa, ake kuma ɗibar jini kafin kowane zagaye.

Amsa ta biyu: Maganin tsohon hannu ne, domin tun 1965 Barnett Rosenberg ya gano tasirinsa a Jami'ar Jihar Michigan, aka amince da shi a Amurka a 1978. A ganina, abin da masu jinya suka fi yin sakaci da shi shi ne kunne, tunda maganin yana iya rage ji.

Mai tambaya: Na gode. Tun jiya kuwa yake cewa kunnensa na ƙara.

Amsa ta uku: A sanar da likitansa kafin zagaye na gaba, domin shi ne zai yanke ko a rage adadin maganin ko a sauya shi.